Mun ɗauko masu auna kabon su ƙirga mana bishiyoyi a Daura, ga yadda ta kaya

Tun ranar da na saka hoton nan na yaran da ke zagaya ma gawon Kawu tef mutane ke ta damuna a WhatsApp, wasu na cewa wai gwamnati ce za ta biya diyya, wasu kuma wai Turawa ne suka saye bishiyoyin. To ba ko ɗaya a ciki. Mu muka ɗauko su da kuɗinmu, mu 'yan ƙungiyar manoma ta ƙauyenmu nan gabas da Daura, kuma tunda ni ne sakatare, ni na bi su gona gona har aka gama, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da idona ya gani dan duk wanda ke tunanin ɗauko irinsu ya san me zai samu da me ba zai samu ba. Sunan kamfanin ba zan faɗa ba tunda akwai inda zan yi ƙorafi. Ƙaramin kamfani ne dai, ofishinsu na cikin Katsina, yawancinsu matasa ne da suka karanci gandun daji da ilimin ƙasa.

Abin da ya jawo maganar shi ne bara wani mutum ya zo da fom yana cewa duk mai bishiya a gona ya cike ya ba da kuɗin rajista, wai akwai dala da ake biya na kabon, wato iskar nan mai ɗumama duniya da bishiya ke shaƙewa ta ajiye a jikinta. Mutane sun cike, har da zawarawa wallahi, daga nan ba a sake jin ɗuriyarshi ba. Abin ya yi mana ciwo ƙwarai. A mitin ɗin da ya biyo baya ciyaman ya ce tunda dai wannan magana ta kabon ta ƙi mutuwa, rediyo na yi, 'yan ACReSAL, wato shirin gwamnati na gyara ƙasar noma da ta lalace, na yi, masu shirin ganuwar bishiyoyi na yi, to mu nemi waɗanda suka san aikin su zo su auna mana mu san abin da muke da shi a hannu kafin wani ya sake zuwa ya yi mana wayo. Aka yi karo-karo, kowa ya ba da abin da bai wuce kuɗin rabin buhun yuriya ba, mu kuma muka ɗauki nauyin abincinsu da man mashin.

Abu na farko da ya sa na yarda da su, ranar da suka zo gaban mai unguwa shugabansu ya fara da cewa, Baba mu ba ma saye ba ma sayarwa, kuma ba mu zo da alƙawarin ko kwabo ba, aikinmu kamar na odita ne, mu duba abin da ƙasarku da bishiyoyinku suka ajiye, mu duba abin da ke fita, mu rubuta maku gaskiya ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba. A nan take mutum biyu suka kaɗe riga suka tafi. Sauran muka zauna. Ya yi mana bayani da Hausa tsantsa, cewa itace yana shaƙar iskar kabon daga sama ya mayar da ita jiki da reshe da saiwa, muddin yana tsaye to iskar na daure a cikinshi, ranar da aka sare aka ƙona sai ta koma inda ta fito ta ƙara ma duniya zafi. Ya ce a lissafin kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, noma da kiwo da saran daji su suka fitar da wajen kashi 22 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya a 2019, dan haka kar mu ɗauka maganar ta masu masana'anta ce kawai. Najeriya kuma ta sa hannu a yarjejeniyar Faris ta 2015 kan sauyin yanayi, marigayi Buhari ɗan garin nan ya yi alƙawari a taron sauyin yanayi na Gilasgo a Birtaniya a 2021 cewa zuwa 2060 abin da ƙasar ke fitarwa da abin da take shanyewa za su zo daidai, a shekarar kuma ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. Duk wannan alƙawari sai da lissafi, lissafin kuma daga gonaki irin namu yake farawa.

A watan Fabrairu suka yi aikin, ana tsakiyar hazo, gonaki fayau ba komai sai kututturen kara, gawo kuma ya cika da ganye shar kamar yadda ya saba da rani. Su biyar ne, maza huɗu mace ɗaya. Kwana tara suka yi.

Yadda suke awon ya burge ni, dan na ɗauka wata na'ura za su kafa ta karanto komai, ashe aikin ƙafa ne da tef da littafi. Da farko sai a zagaye iyakar gona da na'urar nuna wuri a san hekta nawa ce, nan ma an sha kallo dan mutum uku da ke cewa gonarsu hekta 2 ce aka tarar ba ta kai ɗaya da rabi ba. Sannan kowace bishiya a auna kaurinta a daidai mita 1.3 daga ƙasa, wato wajen ƙirjin mutum, suna da sanda da suka yanka daidai wannan tsawo dan kar wani ya auna sama wani ya auna ƙasa. Abin da tef ya nuna a raba da 3.14 a samu faɗin gindin. Sai ɗaya ya ja da baya ya leƙa ƙololuwar ta wata 'yar na'ura ya faɗi tsawon. Sai a rubuta sunan itacen da Hausa da kuma na boko, a shafa mashi jan fenti da lamba. Na lura ko sau ɗaya ba su yi kintace daga nesa ba, ko aduwa ce mai ƙaya sai yaron ya kutsa ya zagaya mata tef, har hannunshi ya yi jini ran na biyu ya ɗaure da ƙyalle ya ci gaba.

Wurin gawon Kawu aka fi daɗewa. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, ya haura saba'in, gawon kuma ya ce tun yana yaro yake ganinshi a haka. Da aka gama awo yaron ya zauna a inuwar ya buga lissafi a gabanmu, ya ce busasshen nauyin wannan itace, in an cire ruwan jikinshi, ya kai kimanin tan 1. Kusan rabin busasshen itace kabon ne, su 0.47 suke amfani da shi, kenan kilo 470. In aka ƙona shi kowane kilo na kabon yana haɗuwa da iska ya zama kilo 3.67 na kabon dayoksayid, wato iskar kabon ɗin nan da itace ke shaƙa, kenan sama da kilo 1,700 ke daure a jikin gawon nan, ban da saiwa da ke ƙarƙashin ƙasa. Kawu ya yi shiru yana kallon sama, can ya ce, yaro ni dai abin da na sani geron da ke ƙarƙashinshi ya fi na ko'ina zangarniya, kuma da bazara 'ya'yanshi nake kwashe ma tumaki. Yaron ya ce Baba ai abu ɗaya muke faɗa, gawo na zubar da ganye da damina ya bar ma shuka rana, ganyen ya ruɓe ya zama taki, saiwarshi na ƙara ma ƙasa sinadarin da ake saye a buhu, dabbobi su kwanta a inuwarshi da rani su bar kashi, duk wannan shi za mu gani in mun gwada ƙasar. Kuma haka aka yi, da sakamakon ya fito ƙasar gindin gawon ta fi ta tsakiyar fili kabon a fili ƙarara.

Wani abin da ban taɓa tunani ba sai da suka nuna mani shi ne girman itace ba shi ne nauyin kabon ɗinshi ba. Akwai wata ƙatuwar kuka a gonar ciyaman, mutum huɗu ba su zagaye ta da hannu, kowa ya ɗauka ita za ta cinye gasar. Sai suka ce a'a, jikin kuka ruwa ne da laushi kamar soso, in ta bushe ba ta da nauyin kirki, shi ya sa ma ba mai yin gawayi da ita. Ƙirya kuwa da marke da kanya ƙarfe ne, ƙiryar da ba ta kai rabin kaurin kukar ba tana iya ba ka mamaki. Nan take wani tsoho maƙeri ya ce ai shi ya sa kakanninmu gawayin ƙirya kawai suke sa ma zuga-zugi, turmi ma na ƙirya ake nema. Sai kuma aka yi tsit, dan a duk gonakin ƙungiya ƙirya uku kacal aka samu a tsaye, ukun ma an sassare masu rassa. Goriba da giginya kuwa lissafinsu daban suke yi, sun ce su ba sa ƙara kauri kamar sauran itace, tsawo ake bi.

Sabara da kalgo da geza, waɗanda mu muke ɗauka datti ne a share kafin shuka, su ma sai da suka ƙirga su. Suna zana da'ira a cikin gona su ƙirga duk kututturen da ke toho a ciki. A nan ne shugaban nasu ya ba mu labarin Maraɗi, wanda wasunmu sun gani da idonsu tunda ga Kongolam nan kusa kuma muna da 'yan uwa a ƙetare. Tun farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostireliya mai suna Toni Rinaudo ya lura cewa kututturen da ake sarewa duk shekara suna da rai, saiwarsu na nan a ƙasa, in ka zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi ka sassabe sauran ka kare su daga awaki, cikin 'yan shekaru sun zama bishiya ba ka dasa ba ba ka yi ban ruwa ba. Can suna ce mashi sassaben zamani. An kiyasta hekta miliyan 5 a yankin Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo ta haka, bishiya wajen miliyan 200. Ƙasarsu irin tamu ce, ruwan sama ma mun ɗan fi su. Wannan magana ta tsaya mani a rai fiye da duk lambobin da suka kawo, dan mu nan duk shekara sai a kawo dashen bedi da turare a yi biki a ɗauki hoto, kafin watan Maris akuya ta cinye rabi, rana ta ƙone sauran, alhali ga dubban kututture a gonakinmu muna bi da gatari da wuta.

Ƙasa ma sun ɗiba. Suna da wani ƙarfe kamar abin huda rijiyar burtsatse amma ƙarami, su murɗa shi zuwa zurfin santimita 30, su haɗa ta wuri biyar a leda ɗaya su rubuta lamba, sai kuma wani zoben ƙarfe da suke bugawa a ƙasa dan sanin nauyinta. Sakamakon bai ba kowa mamaki ba amma ganin shi a takarda ya yi nauyi, jigawarmu kabon ɗin cikinta ko kashi 1 cikin 100 bai kai ba, yashi ne kawai muke zuba ma taki. Gonakin da ke kusa da gari inda ake kai takin gida da jakuna su suka ɗan fi dama.

Yarinyar da ke cikinsu ita ta riƙa shiga gidaje, kuma gaskiya ba dan ita ba da rabin aikin bai yiwu ba, dan mu maza ba mu san itace nawa ake ƙonawa a gidajenmu ba, mu dai mu ga tuwo. Ta zo da sikeli na ratayawa, ta auna itacen da Inna za ta yi girki da shi yau, gobe ta dawo ta auna abin da ya rage. Matata ta ce mani ta zauna da su a kan tabarma har ta taya su tsinkar zogale, tana tambaya Inna daga ina ake samo itacen, da can ina kuke zuwa, yanzu ina kuke zuwa. Abin da ta tattaro shi ya fi komai tayar mani da hankali a rahoton. Yawancin itacen da gawayin da muke ƙonawa ba daga gonakinmu yake fitowa ba, a kasuwa ake saye, motoci ke kawowa daga nesa, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 gas ya yi tsada gidajen da suka fara amfani da shi da yawa sun koma murhu. Gawayi kuma a yadda ake yin shi a rami, kilo 1 sai ya ci itace akalla kilo 5. Suka rubuta mana ɓaro-ɓaro cewa in mun daina sara a gonarmu amma muna sayen wanda aka saro a wani daji, to hayaƙin bai ragu ba, wuri kawai ya canza, kuma duk mai binciken gaskiya sai ya cire wannan daga ladarmu.

Inda aka yi zazzafar muhawara shi ne wurin dabbobi. Sun ce saniya in tana tuƙa tana gyatsar wata iska da ake kira metan, wadda kilo 1 nata ya yi daidai da kilo 28 na kabon dayoksayid wajen riƙe zafi, kuma a ma'aunin IPCC na 2006 saniyar Afirka da ba ta tatsa ba ana sa mata kilo 31 a shekara. Ka buga ka gani, sama da kilo 860 kenan. Wato bijiman huɗa biyu a shekara ɗaya suna fitar da kwatankwacin abin da gawon Kawu ya yi shekara da shekaru yana tarawa. Wallahi da aka faɗi haka wuri ya ɗau hayaniya, wani ya ce to sai mu sayar da shanun mu yi huɗa da me, da haƙora? Shugaban ya ce Alhaji ba wanda ya ce ka sayar, ba laifi muke ɗora ma kowa ba, abin da mutumin ƙauyen nan ke fitarwa a shekara bai kama ƙafar na mutumin Amurka ba, amma in lissafi za a yi sai a sa kowane ɓangare, ba a ƙirga kuɗin shiga a ɓoye na fita. Yuriya ma ta shiga, buhu mai kilo 50 yana da sinadarin naitirojin kilo 23, kaɗan daga ciki na tashi sama ya zama wata iska mai suna naitiros oksayid wadda ta fi kabon dayoksayid ƙarfi sau 265, sun ce buhu ɗaya na iya kaiwa kwatankwacin kilo 100 da ɗoriya, kuma wanda aka watsa a sama ba a rufe da ƙasa ba asara biyu ne, shuka ba ta samu ba aljihu ya yi kuka. Ƙona kara da sharar gona kuwa sun ce kabon ɗin da ya tashi ba a sa shi a lissafi tunda shukar baɗi za ta sake shaƙe shi, amma metan da naitiros ɗin da wutar ke fitarwa ana sa su, ga kuma ƙasar da aka hana abincinta.

A nan ina da ƙorafi na farko. Shanun Fulani da ke sauka gonakinmu bayan girbi su ci kara su bar mana taki, a rahoton farko an ɗora mana hayaƙinsu gaba ɗaya kamar namu ne na shekara, alhali wata biyu zuwa uku suke yi su wuce. Ba su je rugar sun tambaya ba, ƙirga kawai suka yi daga bakin hanya. Sai da na kira na yi magana sannan suka gyara suka raba da watanni. Sun karɓi gyaran ba gardama, na yaba da wannan, amma da ban karanta da kyau ba haka zai tafi, kuma mutane nawa ne a ƙauye za su zauna su bi shafi talatin da biro?

Daren kwana na bakwai suka kunna kwamfuta a ƙofar gidan mai unguwa suka nuna mana hotunan tauraron ɗan adam. Akwai na Landsat da ke ɗaukar duniya tun 1972, akwai na Sentinel na Turai wanda ya fi fitowa sosai, kowane ɗigo mita 10. Suka jera tsohon hoto da sabo. Wurin da muke ce ma dajin gari, inda muna yara muke zuwa cin magarya da kanya, a tsohon hoton duhu ne, a sabon kuma fari fat an yanka shi gona gona, burtalin da ya ratsa ta gefenshi ya zama kamar zare. Dattawa suka matso suna nuna wa da yatsa, nan ne tsamiyar da ake hutawa, nan ne aka fara sassabe shekarar kaza. Ba wanda ya yi dariya a wurin. Suka ce a ƙa'idar lissafin, in daji ya koma gona ana bin asarar kabon ɗin ƙasarshi har shekara 20, dan ba rana ɗaya yake fita ba. Sun kuma gaya mana wani abu da ya ba ni haushi amma ba laifinsu ba ne, wai a ma'anar hukumar abinci ta duniya, FAO, kafin a kira wuri daji sai ya kai rabin hekta, bishiyoyin su kai mita 5, inuwarsu ta rufe sama da kashi 10 cikin 100, kuma in gona ce ba ta shiga. Kenan gawo da ɗorawa da kukar da ke warwatse a gonakin ƙasar Hausa an daɗe ba a ganinsu a lissafin dazuka. Sai a 2020 wasu masana suka yi amfani da hotuna masu kaifi da kwamfuta suka ƙirga bishiya ɗaya ɗaya a yammacin Sahara da Sahel suka samu sama da biliyan 1.8, a wurin da taswira ke nunawa kamar ba komai.

Rahoton da kanshi, sun ce sati uku, sai da ya yi wata biyu da kwanaki, har an fara kai taki gona ana jiran ruwan shuka. Uzurinsu ɗakin gwajin ƙasa ne ya riƙe su, wai ba wuta. Na yarda, amma ko saƙo ɗaya ba su turo ba sai in ni na kira, ni kuma mutane sun sa ni gaba, duk wanda ya gan ni a masallaci sai ya ce Malam ina takardarmu, wasu har sun fara cewa irin na mai fom ne. Bayan abin da ya faru da mu bara ya kamata su san shiru na wata biyu ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu.

Babban ƙorafina kuwa shi ne da Turanci suka rubuto shi tun daga bango har bango. Mutanen da suka yi kwana tara suna mana bayani da Hausa mai daɗi, suka ci tuwonmu suka sha furarmu, da aka zo takarda sai ga tebur da lambobi da kalmomin da ni mai koyarwa a sakandare sai da na buɗe ƙamus. A ƙungiyarmu waɗanda za su iya karanta shi ba su fi biyar ba. Na ce masu ko shafi biyu ne ku yi mana da Hausa, ko ku yi saƙon murya mu tura a guruf, suka ce za su yi, har yau da nake rubutun nan ban gani ba. Ni na zauna dare uku na fassara abin da zan iya na karanta ma jama'a bayan sallar Juma'a. Kuma matan da aka auna ma itace ba wanda ya koma ya gaya masu abin da aka samu, sai abin da mazansu suka ga dama suka kai gida.

Abin da rahoton ya ce a taƙaice, ma'ajiyarmu ta kabon na raguwa. Manyan bishiyoyin tsofaffi ne, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ƙananan da za su gaje su kuma ba a bari su tashi, a gonata ma gawo bakwai ne duk manya, matashi ko ɗaya babu. Kowace lamba sun sa mata iyaka sama da ƙasa, sun ce awon ƙasa musamman yana da faɗin kuskure kuma sai an shekara da yawa kafin a ga canji a cikinta. Kan maganar dala kuwa ba su ɓoye ba. Masu sayen kabon ba sa biyan bishiyar da dama tana nan, abin da ka ƙara a kan yadda za a kasance in ba a yi komai ba shi ake biya, sai ka nuna zai daɗe shekaru masu yawa ba a sare ba, sai wani mai bincike daban da ba ruwanshi da kai ya zo ya tabbatar, shi ma kuɗi ne masu yawa, dan haka gonakin ƙauye ɗaya ba za su ɗauki nauyin ba sai an haɗa garuruwa da yawa. Sun ce kasuwar ma kanta ta sha suka, a farkon 2023 jaridar Guardian ta Ingila ta fitar da bincike cewa mafi yawan takardun kabon na dazukan da ta duba, wato takardun da ake sayarwa a matsayin shaidar an rage hayaƙi, ba su rage hayaƙin da aka ce sun rage ba, tun daga nan masu saye suka ƙara tsanani. Suka ja mana kunne kar mu sa hannu a duk takardar da za ta ba wani iko da bishiyoyinmu ko gonakinmu na shekara 20 ko 30 sai lauya ya karanta kuma an sanar da hakimi.

To ko kuɗinmu ya biya? A wurina ya biya, in biyar ne zan ba su uku da rabi, awon fili da gaskiyar baki ba ni da abin cewa, jinkiri da rashin Hausa su suka ci sauran. In ƙungiya ce ko makaranta mai fili ko mai babbar gona da ke son shiga wani shiri da hujja a hannu, ku ɗauko irinsu, amma ku rubuta a yarjejeniya tun farko cewa rahoto zai zo da Hausa, ranar kaza, za a dawo a karanta shi gaban maza da mata, kuma za a bar maku kwafin littafin awon da lambar kowace bishiya, kar ku biya kuɗin duka sai an cika wannan. Ku sa su yi aikin da rani lokacin da gona ba shuka. In kuwa mutum ɗaya ne mai hekta ɗaya yana fatan a auna yau a turo alat gobe, ya riƙe kuɗinshi ya sayi iri.

Mun yi da su za su dawo bayan shekara uku su sake bin lambobin nan na jan fenti. A mitin na ƙarshe mutum goma sha ɗaya suka yarda bana ba za su sa wuta a sharar gona ba, kuma kowa zai bar toho a kan kututture akalla ashirin a hekta. Kawu bai zo mitin ɗin ba, ƙafa na damunshi, amma shekaranjiya da na bi ta gonarshi na tarar ya riga kowa, ya sassabe kalgo da sabara ya bar masu reshe bibbiyu, wasu 'yan gawo uku da suka fito kusa da babban kuma ya kewaye su da ƙayar aduwa ya ɗaura ma kowanne tsumma ja dan masu huɗa su gani.